Motar da Baba ya bari ta ruɓe: in gyara ta ko mu sayar?

Assalamu alaikum, Malam. Daga Kaduna nake rubuto maka. Mahaifinmu ya rasu bara. Cikin abin da ya bari akwai wata tsohuwar mota ƙirar MGB ta 1966, ja, mai kujera biyu da rufin tamfol. Ya saye ta a hannun wani lokacin da yake karatu a Ingila, ya taho da ita a jirgin ruwa a 1970. Tun wajen 1994 take ajiye a bayan gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Rufin ya yage tuntuni, tayoyin sun nutse a ƙasa, wajen ajiye ƙafar direba ya huje, ƙofar direba sai an ɗaga ta kafin ta rufu, ɓeraye sun cinye wayoyi da kujeru, inji kuma ba ya juyawa. Masu sayen gwangwan sun zo sun taya, yayyena biyu sun ce a sayar a raba kuɗin, ni kuwa zuciyata ta kasa. A cikinta Baba ke kai ni makaranta ina ƙarami. Wani bakanike ya ce in ba shi wata uku zai tashe ta. Ni ma'aikacin gwamnati ne, mata ɗaya da yara huɗu, ina da ɗan abin da na tara don ƙarasa ginin gidana. Na kuma ji ana cewa irin waɗannan motoci suna tsada a Turai. Shin ta cancanci gyara, ko in haƙura?

Wani mai karatu, Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ba zan ja ka da nisa ba. In dai lissafin kuɗi za a bi, da irin bayanin da ka yi, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, kuma ban yarda ka taɓa ko kwabo cikin kuɗin ginin gidanka saboda wannan mota ba. Haka nan ban yarda a miƙa ta ga masu gwangwan su ɗora ta a sikeli su biya ku kuɗin ƙarfe ba. Akwai wata hanya tsakanin waɗannan biyu, ita nake so ka bi, amma sai na fara gaya maka dalili.

Cikin duk abin da ka lissafo, ɓeraye da kujeru da injin da ya cije ba su tayar mini da hankali ba. Ƙofar nan da sai an ɗaga ta kafin ta rufu, ita ce ta tsaya mini a rai.

Motoci irin su tsohuwar Land Rover, da ma MGA wadda ta gabaci motar Baba, suna da shasi daban, wato ƙaton firam na ƙarfe mai kauri da ake ɗora bodi a kansa. Irin waɗannan ko bodin ya ruɓe, ana iya ɗage shi a gyara a mayar, ƙashin motar yana nan. MGB ba haka aka ƙera ta ba. Tun da aka fara fitar da ita a 1962 daga masana'antar MG da ke Abingdon kusa da Oxford, bodin nata shi ne shasinta: falankin ƙarfe ne marasa kauri, wajen milimita 1, aka lanƙwasa aka haɗa da walda, kowane yana tallafe da ɗan'uwansa. Tun da kuma ba ta da rufin ƙarfe da zai riƙe ta daga sama, abin da ke haɗa gabanta da bayanta shi ne dokin ƙofa, wannan dogon akwatin ƙarfe da ke kwance ƙarƙashin kowace ƙofa, tare da ramin giyabos da ya ratsa tsakiya. Matsayin dokin ƙofar nan a jikinta kamar na azara ne a ɗakin soro: idan gara ta cinye ta, yaɓe da farar ƙasa ba sa hana rufi saukowa. Idan ya ruɓe, tsakiyar motar sai ta lotsa, ramin ƙofa ya matse daga sama, ƙofar ta daina shiga wurinta. Yana yiwuwa maƙalan ƙofar ne kawai suka ci, Allah ya sa haka ne. Amma motar da ta yi shekara talatin ruwan damina yana zuba cikinta ta yagaggen rufi, ganyen mangwaro yana ruɓewa a kan daɓenta, ƙasa mai laima tana taɓa cikinta, ban sa rai ba.

Mutanenmu sukan ce ai Arewa busasshiya ce, mota ba ta tsatsa. Da gaskiya a ciki, ga motar da ke ƙarƙashin rumfa. Taku kuwa ta sha duka biyu. Shekarunta huɗu na farko a Ingila ta yi su, inda ake watsa gishiri a tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, kuma motocin wancan zamani ba a shafa musu wani abin kirki na kariya a cikin waɗannan akwatunan ba. Gishirin ya shiga tun kafin ta hau jirgi. Tsatsar MGB daga ciki take farawa ta fito waje, shi ya sa ƙurjin da kake gani a fenti ƙarshen ciwon ne, ba farkonsa ba.

Gani ya kori ji, don haka kafin ka ƙara magana da kowa a kan kuɗi, ka ware wata Asabar. Ka samu samari su tone tayoyin, a jawo ta fili, a share ganye da tarkacen kujeru, a yaye duk wata shimfiɗa ta ƙasa. Ku yi hattara da maciji da kunama. Ka riƙe sukudireba babba da tocila da ɗan maganaɗisu. Ka durƙusa ka caki ƙasan dokin ƙofa tun daga bayan tayar gaba har gaban tayar baya, da ƙarfi, ba shafa ba. Ƙarfe mai lafiya zai yi ƙara ya ture hannunka. Ruɓaɓɓe zai yi taushi, ya zubo da jan gari. Tsakiyar dokin ƙofar akwai wani ɗan bututu da aka yi don jak ɗin motar, ka duba ko yana nan daram ko ya lume ciki. Daga nan ka leƙa inda sifirin ɗin baya ya maƙale da jiki, gaba da baya, domin nan ne ƙafafun baya suke riƙe. Ka ɗaga murfin da ke bayan kujeru: batir biyu ne a wurin, kowane mai bolt 6, kuma ruwan batir yakan cinye mazauninsu. Ka buɗe but ka caki daɓensa, musamman kusurwoyi, ga tankin mai nan manne a ƙarƙashinsa, shi ma ta sama yake hujewa inda ido ba ya kaiwa. Maganaɗisun kuma ka bi da shi ƙasan ƙofofi da gefen tayoyi. Inda ya ƙi kamawa, an taɓa cike wurin da kwaɓin masu fenti. Bonet kaɗai kada ya ruɗe ka, na wannan shekara na alminiyam ne, ba zai kama ba. In kun samu jak, ku ɗaga gefe ɗaya a hankali kuna kallon tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki. Idan tazarar tana buɗewa tana rufewa, motar ta karye a tsakiya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak.

Idan daɓen ƙafar direba ne kawai ya huje, dokin ƙofa da mazaunin sifirin suna da ƙarfi, to kun yi sa'a, aikin mai yiwuwa ne. Idan sukudireba ta shige a wurare uku ko huɗu cikin waɗanda na ambata, abin da ke gabanka ya wuce gyara, sake ƙera mota ne.

Ga dalili. Dokin ƙofar MGB ba falanki ɗaya ba ne. Akwai na waje da ido ke gani, akwai wani a tsaye a tsakiyarsa, akwai na ƙasa da ya rufe shi, ga kuma na ciki da ya haɗu da daɓe. Bakinsa na gaba ya shige ƙarƙashin fuka-fukin tayar gaba, wato falankin bodi da ya rufe saman tayar, na baya ya shige ƙarƙashin na baya. Kafin a canja shi yadda ya kamata sai an kwance na gaba, an yanke ƙasan na baya, an kuma tokare ramin ƙofa da ƙarfe kafin a sa wuta, in ba haka ba motar ta gurɗe har abada, ƙofa ba za ta sake zama ba. Abin da aka saba yi a gareji kuwa shi ne a yanko falanki a lulluɓe ruɓaɓɓen daga waje, a shafe, a fesa fenti. Ranar da za ka karɓe ta za ta yi kyau ƙwarai. Ranar da aka yi karo, ko aka faɗa rami da gudu, za ta naɗe da wanda ke ciki. Muna da masu walda masu basira a kasuwannin Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano waɗanda ke ƙera abin mamaki da hannu, ban raina su ba ko kaɗan. Sai dai waldar lantarki ta ƙofar gida da taga tana huda irin wannan ƙarfe, ta kabayid kuma tana lanƙwasa shi da zafi. Wanda zai yi aikin sai mai na'urar walda ta falanki, mai haƙurin aune-aune, wanda zai yarda ya yi wata da watanni a kan mota ɗaya. Akwai su, amma ba su da yawa, kuma ba su da araha.

Bakaniken da ya ce wata uku, ba na zaton ƙarya yake yi maka. Inji yake nufi, kuma a nan yana da gaskiya, domin inji shi ne mafi sauƙin abin da ke jikin motar nan. Silinda huɗu ne, cc 1,798, tukunyarsa da kansa duk na zubin ƙarfe, ba kwamfuta ba wata na'ura, ƙarfinsa wajen doki 95. Duk wanda ya ƙware a injin Peugeot 504 mai kafireta zai gane shi. A cire fulogi, a zuba man dizal a kowane rami, a bar shi makonni, sannan a gwada juya shi da hannu a hankali. Kada a ja motar da igiya a saka giya don a tilasta shi, nan ake karya ringi a lanƙwasa sanda. Ko da ya ƙi, ana kwance shi a gyare ramukan a sa sabbin fistin. Abubuwan da zai kiyaye kaɗan ne, amma ka faɗa masa. Kusoshinta na inci ne, sifanar milimita tana cinye musu kai. Kafiretarta biyu ce ƙirar SU, kowace da ɗan mai a samanta, kuma sai an daidaita su su ja iska daidai. Wayarinta a juye take da ta motocin yau: a MGB ta kafin ƙarshen 1967, fosatif ne ke bin jikin mota, wanda bai sani ba ya haɗa batir yadda ya saba zai ƙone agogon inji. Sannan an yi kan injin ne don fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a ƙasashenmu tun wajen 2006, saboda haka in an kwance shi gara a sa mazaunin bawul masu tauri gaba ɗaya.

To amma jin ƙarar inji shi ne tarkon da ke kama yawancin masu irin niyyarka. Inji ya tashi, rai ya yi daɗi, a ce saura kaɗan, a zuba kuɗi a kujeru da fenti, sai daga baya a tarar jikin da aka ɗora duk wannan a kai ba ya ɗaukar nauyi. Ka zaga garejojin garinku ka gani. Kusan kowanne akwai wata tsohuwar mota a kan duwatsu a can ƙurya, an kwance ta shekaru, gilashinta jingine da bango, kusoshinta a gwangwanin madara, fitilunta an ara wa wata motar ba a dawo da su ba, mai ita ya daina zuwa don kunyar bashi. Motar da aka kwance aka watsar ba ta kai darajar wadda aka bari a ruɓe amma cikakkiya ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu batun tsada a Turai. Gaskiya ne akwai tsofaffin motocin da ko gawarsu aka tono a kango ana rububinta. Mercedes 300SL mai ƙofofin da ke buɗewa sama, guda 1,400 kacal aka ƙera tsakanin 1954 da 1957, yau ana sayar da ita sama da dala miliyan ɗaya, don haka duk abin da aka kashe mata zai dawo. Jaguar E-Type, wadda aka yi kimanin 72,000, ita ma takan ɗauki nauyin gyaranta idan ta farkon fitowa ce. MGB kuwa sama da 500,000 aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, mafi yawansu aka kai Amurka, kuma dubbai suna nan suna yawo. Motar masu matsakaicin hali ce tun asali, shi ya sa ɗalibi kamar Baba ya iya sayenta. Taku tana cikin waɗanda aka fi so, masu bamba ta ƙarfe mai ƙyalli, kafin a koma baƙar bamba ta roba a 1974 saboda dokokin Amurka. Duk da haka, a Ingila kanta sanannen abu ne tsakanin masu wannan sha'awa cewa wanda ya biya aka sake gina masa ruɓaɓɓiyar MGB ba ya mayar da kuɗinsa in ya sayar. Wanda ya saya daga hannunsa shi ke cin riba. Cikakken aiki yakan ci awoyi ɗari-ɗari, har ya kai dubu.

Yawan nata yana da amfani ta wani gefen, kuma shi ne abin da ya sa na ce kada ka yi gaggawa. Da wuya a samu tsohuwar motar da kayan gyaranta ke samuwa kamar MGB. Kamfanoni irin su Moss Europe da Rimmer Bros suna sayar da kusan komai nata sabo, daga roba ta gilashi har cikakkiyar wayarin da aka riga aka ɗaure. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon bodinta sukutum da ainihin injinan da aka yi na farko da su. Sai dai sabon bodin nan shi kaɗai, ba fenti ba komai, kuɗinsa ya kai na wata MGB mai lafiya da za ka hau ka tuƙa. Kuma duk wannan da fam ɗin Ingila ake saye, kai kuwa da naira ake biyanka. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake samu a wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, fam kuwa ya fi haka. Ka ɗora kuɗin jirgi, ka ɗora na kwastan, ka ɗora wanda za a aiko ba daidai ba a sake oda. Ladan aiki ne kawai ya fi sauƙi a wurinmu. Ka zauna da takarda ka rubuta: falankin jiki, birki gaba ɗaya har da bututunsa, tanki, famfon mai, lagireto, wayarin, tayoyi biyar, salansa, rufi, kujeru, fenti. Ka shiga shafukan kamfanonin nan ka ɗauko farashin kowanne, ka juya shi naira. Abin da ya fito, ka ƙara rabinsa a kai don abin da ba a gani sai an buɗe. Ka ajiye wannan adadi kusa da abin da ya rage a rufe gidanka, ka nuna wa maiɗakinka, domin ita da yara suna da haƙƙi a wannan shawara.

A ce ma an gama. Sitiyarinta a dama yake, domin lokacin da Baba ya shigo da ita a hagun titi ake tuƙi a Najeriya. Sai ranar 2 ga Afrilu, 1972 aka koma dama. Dokokin hanya na yanzu ba su yarda da mota mai sitiyari a dama ba, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sha nanata haka. Ana iya mayar da shi hagu, kayan suna nan tun da yawancinsu a haka aka kai su Amurka, amma ƙarin kuɗi ne, kuma yana rage mata daraja a idon mai saye daga Ingila. Tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 13 ba, ga tudun rage gudu a kowace unguwa. Kujera biyu ce, ku shida ne. Zafin Maris da Afrilu ba da shi aka auna lagiretonta ba. Motar safiyar Asabar ce da yammacin Sallah, kuma ba laifi ba ne mutum ya mallaki irin wannan, in yana da wata motar da kuma rufin kansa.

Akwai abin da ya kamata ya riga duk wannan, wato gado. Motar nan a yau ba taka ba ce, ta dukan magada ce, har da Hajiya in tana raye da 'yan'uwanka mata, waɗanda ba ka ambaci ra'ayinsu ba. Yayyenka ba su yi laifi ba da suka ce a sayar, haƙƙinsu suke nema. Ka je musu da ladabi ka ce kai za ka saya. Kada ka yarda a yi mata kuɗi da tayin masu gwangwan don ya zo maka da sauƙi, wannan cin haƙƙin 'yan'uwa ne. A nemi wanda ya san tsofaffin motoci ya faɗi abin da mai sha'awa zai iya biya a yadda take, a ɗora a kan wannan. Ko ka biya kowa rabonsa, ko a lissafa ta cikin naka kason. A rubuta, shaidu su sa hannu, kafin ka kashe mata ko sisi. Yau da take cikin ganye ba mai jayayya a kanta, amma ranar da ta fito tana ƙyalli za a samu mai cewa ai motar Babanmu ce, kuma zumunci ya sha lalacewa a kan abin da bai kai wannan ba.

Na fahimci abin da ke ranka, kuma ba na ɗaukarsa wasa. Mutum ya rasa uba, sai ya ga kamar barin kayansa su lalace wani nau'in saɓa masa ne. Amma ka tuna Baba da kansa ya yi shekara kusan talatin yana wucewa ta gabanta bai gyara ta ba, mai yiwuwa don kuɗin makarantarku da abincin gida sun fi ta muhimmanci a wurinsa. Bai kuma sayar ba. Ina ganin a nan ya riga ya nuna maka matsayinta. Abin da zai isa gare shi yanzu kuwa sananne ne a hadisi: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. In ka gyara motar, don kanka da 'ya'yanka za ka gyara, kuma wannan dalili ne mai kyau, sai dai ba bashi ba ne a wuyanka.

Ga hanyar da na ce. Bayan an daidaita gado, ka tsayar da lalacewar, wanda ba ya cin kuɗi mai yawa. A ɗauke ta daga ƙasa zuwa daɓen siminti ƙarƙashin rufin kwano, inda iska ke ratsawa. Kada a naɗe ta da leda, leda tana tara gumi. In tsakiyarta ta yi rauni, a ɗauke ta a kan mota mai shimfiɗa, ba a ja ta ba. A wanke ta, ta bushe sarai, a kankare tsatsar da ta tashi, a shafa maganin tsatsa, a fesa mai cikin dokin ƙofa da duk wani lungu. A zuba dizal a silinda, a tsiyaye abin da ya rage a tanki, a sa mata tsofaffin tayoyin da ke riƙe iska, a sa maganin ɓera. Kada ka kwance komai. Mota a bushe tana iya jiran shekara biyar ko goma ba ta ƙara lalacewa ba, kayan gyaranta kuma ana nan ana ƙera su. Ka gama gidanka, ka ma fitar mata da rumfa a ciki. Jikokin Baba za su gan ta, su zauna a ciki, ko ba ta motsa ba.

A wannan lokaci ka tattara tarihinta. A ɗakin inji akwai ɗan allon ƙarfe mai lambar mota; ta 1966 mai buɗaɗɗen sama lambarta da GHN3 take farawa. Gidan tarihin motoci na British Motor Museum da ke Gaydon yana riƙe da kundin masana'antar, kuma in ka aika lambar ka biya, suna ba da takardar da ke nuna ranar da aka ƙera ta da launinta na asali. Ka binciki akwatunan Baba ko za a dace da littafin rajistarta na Ingila, takardar jirgi, ta kwastan ta 1970, da tsofaffin hotuna. Ko gyara za ka yi ko sayarwa, waɗannan suna ƙara mata daraja.

In Allah ya buɗa nan gaba ka ga za ka iya, ka fara da ƙarfe, sai birki da sitiyari, sai inji da wayarin, fenti da kujeru su zo ƙarshe. Ka ga aikin mai waldar a kan wata mota da idonka kafin ka ba shi taka. Biya ya zama mataki-mataki, kowane mataki sai ka duba kafin a rufe shi da fenti, kuma duk abin da aka kwance a ɗauki hotonsa a sa a jaka mai suna, ya kwana a gidanka ba a gareji ba.

In kuma binciken Asabar ya nuna ta karye ko'ina, ko 'yan'uwa suka ƙi sayar maka, to a sayar da ita cikakkiya ga mai sha'awa. Akwai masu tara tsofaffin motoci a Legas da Abuja da ma nan Arewa, akwai masu otal da masu shirya fim da ke neman irinta don ado. Fitar da ita waje da wuya ya biya kuɗin jirgi, tun da can ma irinta masu jiran gyara sun yi yawa. Ka ɗauki hotuna masu kyau har da wuraren da suka ruɓe, ka faɗi aibinta ba ɓoye-ɓoye. Ka sani bonet ɗin alminiyam, kafireta biyun, agogunan gaban direba, firam ɗin gilashin gaba da giyabos kowannensu yana da masu nema, don haka kada wani ya zo ya ce zai cire abu ɗaya ko biyu ya bar muku saura. Ka yi istihara, ka kuma zauna da Hajiya, in tana raye, ka ji ta bakinta kafin ka je wa yayyenka. Allah ya zaɓa muku abin da ya fi alheri.